Daga 'yan kama zuwa Ibro na Danlasan: me ya sa mai ba mu dariya ya fi kowa sauƙin takawa?

A garuruwan da ke tsakanin Wudil da Gaya, har ka gangara Jigawa wajen Dutse da Kiyawa, da wuya ka miƙa wa mai cajin waya memori ka ce ya cika maka, ya dawo maka da shi babu Ibro a ciki. Mutumin nan ya rasu tun watan Disamba na 2014, amma yaran da aka haifa bayan rasuwarsa suna kwaikwayon tafiyarsa da yadda yake lanƙwasa harshe. Tsofaffinmu mata da ba su taɓa taka ƙofar gidan kallo ba sun san muryarsa. Duk da haka, ka tambayi magidanci ɗaya a majalisa ko zai yarda ɗansa ya yi irin sana'ar Ibro, za ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Zai ce maka Allah ya kiyaye, shi ɗansa ba wawa ba ne.

Ra'ayina shi ne mun zalunci masu waƙar ban dariya da masu wasan barkwanci. Mun ci moriyar ganga mun yada kwaurenta. Kuma rainin da mu talakawa muke yi musu shi ne ya ba masu mulki damar taka su duk ranar da suka ga dama, domin sun san babu wanda zai tashi ya tsaya wa mai ban dariya.

Rabilu Musa, wanda aka fi sani da Ibro, ɗan ƙauye ne irinmu. An haife shi a 1971, mutumin Danlasan ne a ƙaramar hukumar Warawa, ya yi firamare a garinsu, ya wuce kwalejin horar da malamai ta Wudil. A 1991 ya shiga aikin gidan yari, ya yi kusan shekara takwas yana gandiroba kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasa gaba ɗaya. Duk wanda ya san yadda aikin gwamnati yake da daraja a ƙauye, ya san wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Mai albashi shi ake kai wa kukan kuɗin taki, shi ake ba wa 'ya ba tare da dogon bincike ba. Mutum ya bar wannan ya koma yin abin da jama'a suke kira shashanci, lallai ya ga wani abu a cikin sana'ar wanda mu masu kallo ba mu tsaya mun gani ba.

Lokacin da ya fito, harkar fim ɗin Hausa tana tasowa ne. Daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 zuwa ƙarshen shekarun nan, fina-finan Kano sun karkata ga soyayya, da rawa da waƙa irin ta Indiya, da gidajen masu kuɗi, da samari masu motoci a unguwannin da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba. Muna kallo, muna jin daɗi, amma ba mu ne a ciki ba. Ibro ya zo da 'yar shara da ta sha jiki, da hula a karkace, da bakin mutumin da ka bari a bakin kasuwa jiya. Kuma ya zo da waƙa. A nan ne nake ganin mutane suke kuskuren fahimtarsa: suna raba Ibro ɗan wasa da Ibro mai waƙa, alhali a ƙasar Hausa mai waƙar ban dariya bai taɓa rabuwa da wasan kwaikwayo ba.

Wanda ya taɓa ganin ɗan kama a kasuwa ya san abin da nake nufi. Ɗan kama yakan naɗa rawani, ya riƙe 'yan takardu kamar mai shirin buɗe littafi, ya gyara murya irin ta mai wa'azi, sannan ya shiga jero bayani a kan tuwo da miya da fura da nama, yana kawo su bi da bi kamar mai kawo hujjoji, abokinsa yana amsa masa. Jama'a su kewaye su ana ta dariya, har da malaman da ake kwaikwaya. Shin waƙa yake yi ko wasa? Duka biyun ne. Muryarsa kaɗai ba za ta ba ka dariya ba sai ka ga yadda ya ɗaga gira, ya shafa gemu, ya yi tsit kamar mai tuno wata mas'ala mai wuya. Haka 'yan gambara, masu zagaya kasuwa bibbiyu da gangarsu, ɗaya ya jefa magana ɗaya ya cafe. Haka yaranmu a tashe, daga goma ga watan azumi, da suke sa gemun auduga su zama tsoho, ko su ɗaura zane su zama mata da miji suna faɗa a kan cefane, ko su kwaikwayi mai maganin gargajiya yana lissafa saiwoyi. Haka samari a kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, da suke naɗa nasu sarki da alƙali, su zauna su yi shari'ar wasa a gaban dagacin gaske. Fada ma tana da wawan sarki, mutumin da aka yarje wa ya faɗi abin da waziri ba zai iya faɗa ba.

Kakanninmu ba don rashin tarbiyya suka bar waɗannan abubuwa ba. Sun san cewa al'ummar da ake girmama na gaba kamar tamu, inda yaro ba ya ɗaga ido ya kalli babba, inda talaka yake tuɓe takalmi tun daga nesa, tana buƙatar wata kafa da magana za ta riƙa fita. Shi ya sa aka tsara wasa tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai, da Fulani da Barebari, da Kanawa da Zage-zagi. An tsara wanda zai tsokani wane, da lokacin da za a yi, da iyakar da ba a ƙetarewa. Malamin da ɗan kama ya kwaikwaya ya koma gida ya san cewa jama'a sun lura da yadda wasu masu rawani suke son loma. Magidancin da ya ga yaran tashe suna wasan mijin da ba ya ba da kuɗin cefane ya san da wa ake. Ba a kira sunan kowa ba, ba a kai kowa ƙara ba, amma saƙo ya isa.

Abin da Ibro ya yi shi ne ya ɗauko wannan gado ya sa shi a kaset. Dabararsa ta waƙa ma irin ta ɗan kama ce. Ɗan kama yana aron muryar mai wa'azi ya zuba mata zancen abinci. Ibro yana aron kiɗan da ya riga ya cika gari, na Indiya ne ko na Kwango, ya zuba masa zancen talauci da bashi da rigimar gidan haya. Lokacin da kiɗan Awilo Longomba ya mamaye Najeriya, sai ga fim ɗin Ibro Awilo. Lokacin da duniya ta rikice da labarin Usama bin Laden bayan harin 2001 a Amurka, sai ga Ibro Usama, daga baya kuma Ibro Saddam. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin girman abin da aka aro da ƙanƙantar wanda ya ara: ga kiɗan da manyan birane suke rawa da shi, ga labarin da BBC da Muryar Amurka suke ta yi safe da yamma, sai ga shi a bakin wani bawan Allah da ko kuɗin mota zuwa Kano ba shi da shi. Wannan ba abu ne da kowa zai iya ba. Sai mai kunnen da ya san inda gaɓar Hausa za ta zauna daram a kan kiɗan da ba don ita aka yi shi ba, kuma ya san abin da ke damun mutane a wannan watan, ba na bara ba. Manazarta waƙar baka a jami'o'inmu sun daɗe da ware wa makaɗan ban dariya rukuninsu, kamar yadda suka ware wa makaɗan fada da na noma da na maza. Mu ne a majalisa muka ƙi yarda cewa fasaha ce.

Akwai wani kawuna, Allah ya ƙara masa lafiya, da ba ya son a kunna Ibro a gabansa. Hujjarsa ba ta addini ba ce. Cewa yake yi mutumin nan ya mayar da mu abin dariya a idon 'yan birni. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai shi ma ɗan ƙauye ne, daga nan Warawa." Sai ya ce, "To ai shi ya fi ciwo, ɗana. Da ɗan birni ne ya yi, sai mu ce bai san mu ba." Maganarsa tana da nauyi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba, domin na san yadda kalmar baƙauye take fita daga bakin wasu a Kano. Amma ina roƙon mai irin ra'ayin Kawu ya sake kallon fina-finan nan da kyau, ya duba wanda yake kwana a ciki a ƙarshe. Sau da yawa baƙauyen da Ibro yake fitowa a matsayinsa ba shi ne wawan ba. Shi ne yake juya mai gidan haya, ya rikita ɗan sanda da tambaya, ya fallasa boka, ya kunyata alhajin da yake taƙama da kuɗi. Yana shiga da kamar bai san komai ba, ya fita ya bar masu ilimin suna kallon juna. Wannan shi ne halin Gizo a tatsuniyar da kakanninmu mata suka rene mu da ita, mara ƙarfi mai cin galaba da wayo. Mutanen karkara da suka riƙa sayen kaset ɗinsa a kasuwar Wudil ranar Juma'a, da Gujungu ranar Lahadi, da Maigatari ranar Alhamis, ba kuɗinsu suke kashewa don a zage su ba. Sun ga kansu ne a ciki, kuma sun ga kansu suna yin nasara, abin da fim ɗin soyayya bai taɓa ba su ba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Bayan dawo da shari'ar Musulunci a 2000, gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A 2007, bayan abin kunyar da ya faru na wani faifan bidiyo da ya yaɗu a wayoyi, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Malam Abubakar Rabo Abdulkarim a kan hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka shiga kame. A wannan shekarar aka ɗaure Adam A. Zango wata uku. A watan Oktoba na 2008 aka kama Ibro, aka gurfanar da shi a kotun tafi-da-gidanka da take yi wa hukumar aiki, aka yanke masa wata biyu a gidan yari. Abin da aka rubuta a takarda shi ne rashin rajistar kamfani da rawar da ba ta dace ba, kuma fim ɗin Ibro Aloko yana cikin waɗanda aka ambata. Amma a bakin jama'a magana ɗaya ce: waƙar Mamar ce ta jawo masa. Waƙar tana tsokanar wani yadi mai ratsi-ratsi da ake yayi a lokacin, kuma jama'a sun san gwamna yana yawan sa irinsa, har yara suka mayar da ita abin rerawa idan sun hango mai sanye da shi. Kafin shekarar ta ƙare aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama shi ma.

Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da makullin gidan yari ya koma ciki a matsayin fursuna, a kan waƙar yadi. Ina tuna yadda aka karɓi labarin a wajenmu. An yi dariya. An ce ai Ibro ya samo sabon labarin fim. Ban ji wanda ya ce a tara dattawan Warawa su je su yi magana ba, ban ji limamin da ya tambaya ko an ba shi damar kare kansa yadda ya kamata ba. Da wani malami ne ko ɗan kasuwa aka yi wa irin wannan shari'a ta gaggawa, da an ji hayaniya. Amma mai ban dariya ne, sai ɗaurin nasa ma ya zama wani abin ban dariyar. Yana da mata, yana da 'ya'ya, yana da iyaye da 'yan'uwa a Danlasan da suka kwana wata biyu da wannan baƙin ciki.

Kada wani ya ɗauka da gwamnati ɗaya nake. Abin ya zama gado, kowa ya hau sai ya yi. A zamanin Ganduje an gurfanar da Sadiq Zazzaɓi a 2017, an kama Naziru Sarkin Waƙa a 2019, dukansu da hujjar sakin waƙa ba tare da an tace ba, kuma dukansu a lokacin ana ganin ba sa tare da gwamnati. A watan Nuwamba na 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu ta kwana talatin, saboda sun yi wasa da sunan gwamna. A duk tsawon waɗannan shekaru, mawaƙan siyasa da suke ɓangaren mai mulki suna yi wa abokan hamayya zambo mai zafin da ya ninka na Ibro, suna siffanta halittar mutum, suna taɓa iyayensa, ana kunna waƙoƙin a gidajen rediyo da motocin kamfen, ana ba su kyautar motoci. Idan tarbiyya ake karewa, me ya sa ma'aunin yake canzawa da canjin wanda aka tsokana?

Ba ina cewa duk abin da mai ban dariya ya yi daidai ba ne. Ni uba ne, kuma akwai waƙoƙin da ba na yarda a kunna a gidana. 'Yan gambara tun a da an san su da batsa, kuma tun a da dattawa suna korar yara daga wajensu. A cikin ayyukan Ibro kansa akwai wuraren da aka yi dariya da naƙasa, ko da yadda wata ƙabila take magana, waɗanda ba zan tsaya in kare ba. Allah ya hana mu yi wa juna izgili a aya ta 11 ta Suratul Hujurat, kuma makaho ko mai in'ina da yake zaune cikin masu kallo ana dariya da irin lalurarsa, shi ya san abin da yake ji. Amma addinin da ya hana izgili bai hana raha ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin raha ba ya faɗar sai gaskiya, kuma a cikin sahabbansa akwai Nu'aimanu wanda aka sani da ba mutane dariya. Saboda haka aikin da ke gabanmu shi ne rarrabewa: wannan batsa ce, wannan cin zarafin mai rauni ne, wannan kuwa tsokanar mai ƙarfi ce. Biyun farko al'umma tana da haƙƙin ta taka musu burki. Na ukun kuwa shi ne ainihin amfanin sana'ar, kuma shi ne aka fi ɗaure mutane a kansa, a fake da biyun farko.

Dubi Ado Gwanja, wanda ya biyo wata hanya mai kama da wannan. Ɗan mai shayi ne a Kano, ya shigo da niyyar waƙa, sai wasan barkwanci ya fara fito da shi, daga baya waƙoƙin biki na mata suka ɗaga shi. A 2022 waƙarsa Warr ta tayar da ƙura har hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta hana sa ta. Ina da abin cewa a kan wasu kalmominsa, kuma da zan gan shi zan faɗa masa. Amma na lura da abu guda: matan da suke cika gidan biki suna rawa da waƙar, da mazan da suke biyan kuɗin mai kiɗa, babu wanda ya tuhume su. Idan rigima ta tashi kowa sai ya janye, a bar mawaƙin shi kaɗai a tsakiyar fili, kamar shi ya kunna wa kansa ya yi rawa. Da a ce da gaske muke son gyara, da gyaran ya fara daga mai ɗaurin aure da yake iya cewa ba za a sa wannan a ƙofar gidansa ba. Wannan iko yana hannunmu, ba ya buƙatar ɗan sanda.

Abin da nake nema daga hukuma ba mai yawa ba ne. Kundin tsarin mulkin 1999 a sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi don kare tarbiyyar jama'a da haƙƙin wasu. To a rubuta a fili, da Hausar da mai waƙa a Ringim ko Sumaila zai karanta ya gane, mene ne batsa a idon hukumar tacewa, da misalai. A rubuta a fili cewa tsokanar gwamna ko kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma a kan aikinsa ko shigarsa ba ta cikin abin da hukumar take hukuntawa. Wanda yake ganin an yi masa ƙazafi ya tafi kotu da kansa kamar kowane ɗan ƙasa. A daina kama mutum da safe a ɗaure shi kafin la'asar, domin sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma isasshen lokacin shirya kariya da samun lauya. Rashin rajista kuwa laifin takarda ne, tara ta ishe shi. Kuma a sa masu sana'ar da manazarta adabi a cikin masu tacewar, mutanen da suka san bambancin zambo da habaici da zagi, ba waɗanda suke jiran waya daga gidan gwamnati ba.

Sai kuma batun abin da ya shiga aljihunsu, wanda laifinsa namu ne kai tsaye. A zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne suke riƙe da harkar. Ɗan wasa a biya shi sau ɗaya, shi ke nan, ko da fim ɗin zai shekara goma ana sayarwa. Masu satar fasaha suka zo suka buga nasu. Da waya ta zo, sai masu tura fim suka gaje kasuwar, kuma yau a kowane ƙauye akwai mai kwamfuta da yake tura fina-finan Ibro a kan 'yan kuɗi kaɗan, ga kuma masu ɗora su a YouTube suna karɓar kuɗin talla. Ina tambayar kaina da masu karatu: a cikin wannan kuɗin da yake zagayawa kullum, nawa ne yake isa gidan marayunsa? Shi ya sa ba na mamaki idan na ga hoton wani tsohon ɗan wasa a Facebook yana kwance ana nema masa kuɗin magani. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da sauran ƙungiyoyin Kannywood suna iya ɗaukar lauya guda su bi manyan tashoshin YouTube da suke cin abinci da ayyukan mamatansu, su sa a riƙa ware wa iyalai kasonsu. Masu tura fim a kasuwanninmu suna da ƙungiyoyi da shugabanni, ana iya zama da su a yanka wani abu da za su riƙa bayarwa duk wata.

Akwai kuma aikin adanawa, kuma shi ne ya fi gaggawa domin kaset ba ya jira. Zafi da ƙura da damina suna cinye shi, faifan CD yana karcewa, abin da yake yawo a wayoyi kuwa guntaye ne da aka yanka aka matse har murya ta dusashe. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya, Kano tana da Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama, Jigawa tana da jami'a a Dutse da wata a Kafin Hausa. Ɗaya daga cikinsu ta nemi furodusoshin da suka yi aiki da Ibro tun suna raye, ta karɓi asalin kaset ɗin ta juye, ta rubuta shekarar kowane fim da wanda ya tsara kiɗan da abin da yake faruwa a gari lokacin da aka yi waƙar. Idan ba a rubuta wannan ba, nan da shekara ashirin yaro zai ji Mamar bai san dalilin da ya sa aka ɗaure mutum a kanta ba. Ƙaramar hukumar Warawa ma tana iya ware ɗaki guda a Danlasan don wannan, ɗalibai su riƙa zuwa.

Su kuma 'yan kama da 'yan gambaran da suka rage, tsofaffi ne, kuma 'ya'yansu ba su gaje su ba saboda irin kallon da muke yi wa sana'ar. Ana iya cin karo da ɗaya-ɗaya a kasuwannin mako. Duk ɗalibin Hausa da yake neman abin rubuta kundin kammala digiri, wayar da take aljihunsa ta isa ta ɗauki murya da hoto. Ya je ranar kasuwa, ya gaishe da tsohon da girmamawa, ya nemi izininsa, ya biya shi haƙƙinsa kafin ya kunna waya, ya tambaye shi wajen wa ya koya da garuruwan da ya zaga, sannan ya kai kwafi ɗaya sashensu ya kawo wa iyalan tsohon ɗaya.